Amsa ga ƙanena mai shirin zuwa karatu jihar Kaliforniya ta Amurka

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso, kuma ina taya ka murnar samun gurbin karatu. Ka tambaya ko gaskiya ne a nan laburare na ba mutum aron takardar shiga gandun shaƙatawa na gwamnatin jiha kyauta, ko kuwa labarin ƙanzon kurege ne. Gaskiya ne, ni kaina na ara fiye da sau ɗaya.

An fara shirin a shekarar 2022, bisa haɗin gwiwar hukumar kula da gandayen jihar da babban laburaren jiha, kuma takardar tana aiki a wurare fiye da 200 daga cikin kimanin 280 da hukumar take riƙe da su. Ɗan kati ne mai ƙugiya wanda ake ratayawa a madubin cikin mota, idan mai gadin ƙofa ya hango shi sai ya ɗaga maka hannu ka wuce, alhali motar da ke gabanka ta biya dala 10 ko fiye. Aronsa ake yi kamar littafi, kowane laburare kuma shi yake yanke kwanakin da zai yi a hannunka. Katin laburaren kansa kyauta ne, abin da za su nema shi ne shaidar da ke da hotonka da wata takarda mai ɗauke da adireshinka na nan, saboda haka ka yanke shi a makon da ka sami masauki, kada ka bari sai karatu ya yi zafi.

Sai dai ka fahimci cewa motar ake yafe wa kuɗin, ba mutum ba. Takarda ɗaya ta mota ɗaya ce wadda ba ta wuce mutum tara ba, kuma ta ziyarar yini ce kawai, ba ta biyan kwana a tanti ko yawon cikin gini irin na katafaren gidan tarihi na Hearst Castle. Kai da za ka zo ba mota, dabararka ita ce ka riƙe takardar, wani ɗan uwa daga masallaci ko ajinku ya kawo mota, ku haɗa kuɗin mai. Haka muka yi ranar da muka je Calaveras Big Trees, wani gandun jiha mai manya-manyan bishiyoyi, inda mu biyar muka kama hannu muka kasa zagaye gindin bishiya ɗaya, muka shimfiɗa darduma a ƙarƙashinta muka yi azahar, sannan muka buɗe kular dafa-duka. Ka tafi da rigar sanyi, domin inuwar dajin ba irin ta gida ba ce.

Kuskuren da sababbin zuwa suka fi yi shi ne ɗaukar takardar su nufi Yosemite. Wannan gandun na gwamnatin tarayya ne, kuɗinsa daban, takardar jiha ba ta da tasiri a ƙofarsa.

Da zafi ya shigo layin masu jiran aron takardar yakan yi tsawo, don haka idan laburarenku yana ba da dama ka sa sunanka ta intanet tun da wuri, ka kuma mayar da ita a kan kari saboda wani na jiranta. Idan ka sayi tikitin jirgi ka sanar da ni ranar saukarka. Ka gaida su Baba da Inna.