Ma'aikacina ya yi sata a gidan da na tura shi: shin kamfani zai biya?

Tambaya: Ina da ƙaramin kamfani mai tura ma'aikata share gidaje. Ɗaya daga cikinsu ya kwashe kayan ado a gidan da muka tura shi, sai daga baya na ji an taɓa ɗaure shi kan sata. Ban bincika ba kafin na ɗauke shi. Masu gidan sun ce za su maka ni kotu. Ai ba ni na yi satar ba?

Amsa: Malam, ba kai ka yi ba, amma ba satar za a tuhume ka da ita ba. Za a tuhume ka da sakaci wajen ɗaukar ma'aikaci, wato laifin kanka ne, ba nasa ba. Abin da alƙali zai duba shi ne: da ka yi binciken da mai hankali zai yi, da ka gane cewa mutumin nan haɗari ne ga wannan aikin?

A 1983 kotun ƙoli ta jihar Minnesota a Amurka ta yanke hukuncin da ake yawan kafa hujja da shi. Masu wani gidan haya sun ɗauki mai kula da gidan, suka damƙa masa mabuɗin da ke buɗe kowane ɗaki, alhali an taɓa hukunta shi kan manyan laifuka. Ya shiga ɗakin wata 'yar haya ya yi mata fyaɗe. Kotu ta ɗora musu alhaki. Ba ta ce dole a tono tarihin laifin kowane mai neman aiki ba. Cewa ta yi zurfin bincike ya dace da girman amanar da za a ba mutum. Mabuɗin ne ya kama su.

Nan damuwata take game da kai. Mai sharar harabar ofis daban, wanda ake bari shi kaɗai a ɗakin kwanan mutane daban. Kuma laifin ma'aikacinka na da da na yanzu iri ɗaya ne, sata da sata. Da a ce tukin ganganci aka taɓa kama shi da shi, da hujjar masu gidan ta yi rauni sosai.

Kada kuma tsoro ya sa ka rufe ƙofa ga duk wanda ya taɓa zaman gidan yari; wannan zalunci ne, a wasu ƙasashe ma saɓa doka ne. A Birtaniya wata doka ta 1974 ta yarda a ɗauki wasu laifuka a matsayin sun shuɗe bayan wani wa'adi. A Amurka, in kamfanin bincike za ka sa ya tono maka tarihinsa, sai mai neman aikin ya amince a rubuce. A auna irin laifin, shekarun da suka wuce, da aikin da za a ba shi.

Yanzu dai ka tattara takardar neman aikinsa da duk abin da ya faɗa maka a ganawa, ka sanar da kamfanin inshorarka in kana da shi. Kada ka sa hannu a kan wata yarjejeniya da masu gidan sai lauya ya karanta ta.