Safar Ƙafar Roba da Gumin Legas: Wace Iri Ta Dace da Dunguna?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Agege, ina sana'ar albasa a kasuwar Mile 12. Shekara 2 ke nan da aka yanke mini ƙafar dama daga ƙasan gwiwa bayan hatsarin mota. Ƙafar robar da nake sawa tana da safa mai laushi a ciki, wadda ke da ƙusa a ƙasanta, kuma wata 8 ke nan ina amfani da ita, ita kaɗai. Yanzu kafin azahar gumi ya cika ta, ƙafar ta riƙa santsi. Ƙarshen dungun ya yi baƙi ya yi tauri, ga bororo a cinya daidai bakin safar. Ina shafa basilin da hoda, ba sauƙi. Wani ya kawo mini ta silikon ta gwanjo wadda ta fi tawa kauri, ya ce ita ce magani. In saya? Wace iri ce ta fi kyau?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa albarka a nema. Kada ka sayi ta gwanjon nan, kuma ka ajiye basilin da hodar tun daga yau. Baƙin da ƙarshen dungun ya yi shi ne abin da ya fi damun mu a cikin bayaninka, kuma shi ne dalilin da zai sa ka je wurin mai haɗa ƙafa cikin makon nan.

Wannan safa, masu aikin suna kiranta laina. Tana tsakanin fatarka da soket, wato ƙoƙon nan mai tauri da dungun yake shiga. Aikinta ya wuce tausasawa kawai. Tana manne wa fata ne domin duk gugar da za a yi lokacin tafiya ta faru tsakaninta da soket, fata kuwa ta zauna lafiya. Tana kuma rarraba nauyin jiki kada ya taru a kan ƙashin ƙwauri, sannan irin taka mai ƙusa ita ce ke riƙe ƙafar kada ta faɗi. To da zarar wani abu mai santsi ya shiga tsakaninta da fata, gumi ne ko mai ne ko hoda, aikin farko ya ɓaci, sauran ma sai su biyo baya.

Kayan da ake yin ta da su iri 3 ne a yawancin abin da ke kasuwa. Akwai silikon, wanda wani mai haɗa ƙafa ɗan ƙasar Aisland, Össur Kristinsson, ya shahara da shi. Kamfaninsa ya fito da safar Iceross a 1986. Silikon ya fi sauran ƙarfi da juriya, yana kama fata sosai, ba ya saurin sauya siffa, kuma wankinsa ba wuya. Ya fi dacewa da dungu mai tsoka, domin yana tattara naman ya hana shi lilo, shi ya sa ake yawan haɗa shi da ƙusa. Amma a kan dungun da ƙashi ya fito fili, ko mai tabo da ya manne da ƙashi, taurinsa na iya zama azaba.

Sai jel mai laushi da ake kira TPE, wanda roba ce da aka cuɗa da man ma'adinai. Safar Alpha ta kamfanin WillowWood na Amurka tana cikin sanannun wannan iri. Idan ka matsa shi da yatsa sai ka ji ya lotsa kamar tuwon da bai gama hucewa ba. Yana da kyau ga fata mai rauni, busasshiya ko mai tabo, da kuma masu ciwon suga da dama. Aibinsa shi ne yana sirancewa a inda nauyi ya fi sauka, musamman gaban ƙwauri, kuma ba ya shiri da zafi. Daga yadda ka kwatanta taka, wataƙila irin wannan ce. Na uku shi ne foliyuritan, wanda ke gudu daga inda matsi ya yi yawa ya koma inda babu, don haka yana da amfani ga dungu mai ƙasusuwa da kwazazzabai. Sai dai ya fi aiki da ƙafar da ake zuƙe iskar cikinta, yana da tsada, kuma yana buƙatar kulawa ta kusa.

Kada a raina ta huɗu, wadda ba jel ba ce: safar soso mai tauri-tauri, irin Pelite ko EVA, da ake ƙera ta daidai dungun mutum ana sawa a kan safar auduga ko ulu. Ita ce aka fi sani a wuraren haɗa ƙafa masu sauƙin kuɗi. Ba ta kai jel kare fata daga guga ba, amma safar da ke ƙarƙashinta tana shan gumi, ana iya sauya ta sau 2 ko 3 a rana, kuma in wani wuri yana ciwo mai gyara zai iya kankare shi ko ya ƙara masa ciko nan take. Ga mai wuni a tsaye cikin kasuwa, wanda dungunsa lafiyayye ne kuma aljihunsa ba zai ɗauki sabuwar laina duk shekara ba, wannan zaɓi ne na mutunci. Mu a ganinmu gara ta da jel guda ɗaya tilo da ya mutu ana ta lallaɓawa.

Saboda haka babu wadda za a ce ta fi kowace kyau. Siffar dungu, lafiyar fata, irin aikin mutum da yadda ƙafar ke riƙe su ne ke zaɓa.

Yanzu batun kauri, wanda a nan ne mai tallan gwanjon ya kauce. Lainar jel yawanci tana zuwa da kaurin milimita 3, 6 ko 9, ta silikon kuwa sau da yawa 2 ko 3 ce a bango, ta fi kauri a ƙasa. Wasu gabansu ya fi kauri don kare ƙashi, bayansu siriri don gwiwa ta lanƙwashe. Abin lura shi ne soket ɗinka an auna shi ne a kan lainar da kake da ita. In ka tashi daga milimita 3 zuwa 6, ka ƙara wa kewayen dungun kusan santimita 2. Dungun ba zai kai ƙasan soket ba, sai ya rataye a sama, ƙarshensa yana shawagi a fili. Wannan fili shi ne ke jawo kumburi da baƙin fata. Ga kuma ƙarin zafi, tunda kauri bargo ne. Ban da wannan, lainar da wani ya sa ta riga ta ɗauki siffar dungunsa, ta sha guminsa, kuma ƙwayoyin cuta da naman gwari suna ɓuya a ƴan tsagogin da ido ba ya gani.

Girma ma da awonsa. A yawancin na silikon ana zagaya tef a santimita 4 daga ƙarshen dungu, ba tare da an matse ba, a ɗauki lambar da ta yi daidai ko wadda ke ƙasa da ita kaɗan: wanda ya auna 27 sai a ba shi 26.5. Kowane kamfani da jadawalinsa, shi ya sa awon aikin gwani ne. Babba tana barin iska da gumi su taru, ƙarama kuma tana shaƙe jini.

Mu dawo kan baƙin nan. Ƙafar roba ta ƙasan gwiwa takan kai kilo 1 zuwa 2. Duk takun da ka ɗaga ta, nauyin nan yana ja ne ta wurin ƙusa, ƙusa ta ja ƙasan lainar, lainar ta tsotso ƙarshen dungun kamar ana tatsar nono. Don rage haka ne masu ƙira suke saka zare marar miƙewa a ƙasan laina mai ƙusa, da wani faifai mai siffar lema da ke riƙe ƙusar. In lainar ta tsufa ta miƙe, ko dungun ya rame ya yi wa soket kaɗan, tsotson sai ya ƙaru. Jini ya riƙa taruwa, wurin ya yi ja, ya koma baƙi, ya yi tauri, in aka bar shi fatar ta yi kaushi kamar bayan kada, ta fara tsagewa. Dungu yana ci gaba da ramewa a shekara ta farko da ta biyu, don haka akwai alamar naka ya ragu. Magani shi ne a sa ƙarshen dungun ya riƙa taɓa ƙasan soket a hankali, ta hanyar ciko ko sabon soket. Wani lokaci kuma a bar ƙusa gaba ɗaya, a koma laina marar ƙusa da ake riƙewa da wata rigar roba da ke rufe bakin soket ta hau cinya, ko mai zoben roba a jiki da ke toshe iska. Sai dai rigar robar tana ƙara zafi a gwiwa, kuma tana saurin hujewa ga mai yawan durƙuso, abin da ya kamata mai salla ya faɗa wa mai gyara tun farko.

Kafin ka samu zuwa, ka gyara ramar da safar auduga ko ulu. Ana sa ta a kan laina, ba a ƙarƙashi ba, kuma ta mai ƙusa tana da huji a ƙasa. Ka tabbata zarenta bai shiga makullin da ke kama ƙusar a ƙasan soket ba. Kaurinta da lamba ne: 1, 3, 5. Ka ƙidaya ƙarar da ƙusa ke yi in tana shiga. In da safe kana jin "ƙas" 4 a hankali, da rana kuma ta zarce gaba ɗaya har ƙasa, dungun ya ragu, ƙara safa mai lamba 1. Ranar da jimillar ta kai wajen 10, soket ɗin ya yi maka yawa.

Gumi kuwa, gaskiya ɗaya ce: silikon da jel da foliyuritan duk ba sa barin zafi ko ruwa ya fita. A Kano ko Sakkwato gumin sauran jiki yana bushewa ya sanyaya mutum, amma a Legas, inda laimar iska ke yawan haura kashi 80 cikin 100, jiki duka ba ya hucewa, balle abin da ke cikin roba, balle a cikin danfo da goslo. Akwai lainoni masu ƙananan huji da ke fitar da gumi, kamar Silcare Breathe ta kamfanin Blatchford na Ingila, da wasu da aka sa wa sinadarin da ke shanye zafi na ɗan lokaci. Suna taimakawa, amma da tsada, kuma sai an yi oda. Abin da ke hannunka ya fi wannan sauƙi. Ka mai da lokutan salla agogonka: da azahar da la'asar, in ka zo alwala, cire ƙafar, tuɓe lainar, share dungun da cikinta da tawul mai tsabta wanda ba ya zubar da gashi, ka bari su sha iska minti 5, ka mayar. Da dare, bayan wanka, in fata ba ta da rauni, ana iya shafa maganin hana gumi marar turare mai sinadarin alminiyam kulorayid, a wanke da safe. A kan bororo ko tsaga kuwa kada ya kusanci wurin.

Yadda ake sa ta ma yana haifar da rabin matsalar. A juya ta gaba ɗaya ciki ya koma waje, har ƙasanta ya baje kamar tafin hannu. A ɗora shi daf da ƙarshen dungu ba tare da iska ta maƙale ba, ƙusa tana kallon ƙasa sak a layin ƙwauri, sannan a naɗe ta sama da tafukan hannu, gwiwa a ɗan lanƙwashe. Ba a jan ta kamar safar ƙwallo, kuma a kiyaye farce da zobe. Bororon da ke cinyarka yawanci daga jan nan yake: bakin lainar yana riƙe fata a miƙe, kowane taku yana fizgar ta. Mai gyara zai iya yanke bakin da lanƙwasa-lanƙwasa ya goge kaifinsa, ya bar ta ta ɗara bakin soket da ƴan santimita. Kada ka sa mata reza da kanka.

Basilin, man kaɗanya da man ja suna sa santsi, kuma mai yana lalata jel ya sa shi kumbura ya yi danƙo. Hoda tana haɗuwa da gumi ta zama ƙullu mai gurzar fata, ta toshe ramin gashi, maruru ya biyo baya. Aske gashin dungu ma yana kawo marurun. In fatar ta bushe, a shafa mai da dare kawai, a wanke kafin a sa laina.

Wanki kullum ne, da dare. A juya ta, a wanke ɓangaren jel da hannu da ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulu marar turare, ba omo ba, ba bilic ba, ba buroshi ba. A ɗauraye har sai santsin sabulu ya tafi sarai, domin ragowarsa na cikin manyan masu kawo ƙaiƙayi. A share, a mayar da ɓangaren yadin da ke bayanta waje, a tsayar da ita ta bushe a inuwa. Ba a shanya ta a rana ko a kan kwano, ba a ajiye ta kusa da janareta ko murhu. Saboda laimar garin nan, musamman daga Afrilu zuwa Yuli, yadin bayanta ba ya bushewa a dare ɗaya, shi ya sa ake son mutum ya mallaki guda 2 yana musanyawa. Laina takan yi wata 6 zuwa shekara 1. Taka da ta yi wata 8 ita kaɗai, ɗaga ta ga haske ka duba: in gaban ƙwauri ya yi shara-shara, ko yadi ya saɓule, ko wajen lemar ya tsage, ko wari ya ƙi fita bayan wanki, ta gama aiki.

Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Igbobi yana da sashen haɗa ƙafa da hannun roba, akwai kuma wuraren masu zaman kansu a cikin gari. Ka tafi da ƙafar, da lainar, da duk safofin da kake sawa, kuma in da hali ka je da rana bayan ka yi tafiya, domin a ga dungun a yanayin da yake ba ka wahala. Kowane dare ka duba shi da madubi, har bayan gwiwa. Jan da bai washe ba bayan minti 15 zuwa 20 da cire ƙafa alama ce ta matsi. In kuwa fata ta fashe, ko akwai ruwa, wari ko zazzaɓi, ko kana da ciwon suga, ka ajiye ƙafar ka koma kan sanda, ka ga likita a ranar.