Ɗalibaina sun iya cewa "mai haƙuri ce", amma ba su ganin yadda tauraro ke sauyawa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar Hausa ce a wata sakandare a Kumo, jihar Gombe. Duk sanda muka karanta gajeren labari na ce ɗalibai su yi bayani a kan tauraruwarsa, sai su rubuta "mai haƙuri ce, mai biyayya ce", shi ke nan. Wasu kuma su kwashe labarin kaf su sake ba ni. Yaya zan yi su riƙa ganin yadda halin tauraro ke sauyawa daga farko zuwa ƙarshe?

Amsa: Wa'alaikumussalam Malama, Allah ya ƙara basira. Kada ki ga laifin yaran nan, abin da kunnensu ya saba da shi suka ba ki. Yawancinsu a tatsuniya suka fara sanin labari, kuma Gizon da aka buɗe da shi a "ga ta nan ga ta nanku" shi ne dai Gizon da ake rufewa da shi a "ƙurunƙus". Ko sau nawa ya sha kashi, kwaɗayinsa da wayonsa suna nan. Ga shi kuma sun tashi suna jin manya na cewa hali zanen dutse. Tun 1927 marubucin Ingila E. M. Forster ya raba taurari gida biyu: masu fuska ɗaya, waɗanda jimla guda ta isa ta faɗi halinsu, da masu fuskoki da yawa, waɗanda kan ba mai karatu mamaki. Ɗalibanki suna auna na biyun ne da mudun na farko.

Abin da zan ba ki shawara ki fara da shi: ki hana su kalmomin yabo da na kushe na ɗan lokaci. Babu "mai kirki", babu "mugu". Su faɗa miki abin da tauraron yake so, da abin da ya tare masa hanya, da abin da ya zaɓa ya yi sa'ad da aka ƙure shi. A wurin zaɓin nan ne hali yake fitowa fili.

Ga irin labarin da nakan ƙaga wa ɗalibaina a nan Bauchi, da baki ma nake ba da shi. Yaro ne mai koyon ɗinki a wani shago a kasuwar Wunti. Saura kwana biyu Sallah, aiki ya yi yawa, ya ɓata yadin wata mata wurin yanka. Da maigidansa ya tambaya, sai ya ɗora wa ƙaramin yaron shagon. Aka kori ƙaramin. Da yamma uwarsa ta zo ba da haƙuri, tana cewa kuɗin sallamar da yake samu ne cefanensu. Babban yana kan keke yana ji, bai ɗaga kai ba. Da dare aka kawo tuwo, ya wanke hannu, ya kasa ci. Da safe ya je ya faɗa wa maigidan gaskiya.

Ba na ba da shi a tashi ɗaya. Nakan tsaya bayan ƙaryar, in ce kowane benci su rubuta wane irin yaro ne wannan da abin da suke jin zai yi gaba. In sake tsayawa bayan zuwan uwar, sannan a ƙarshe. Allo kuma na raba shi gida uku, muna cikewa. Idan sun ga abin da suka rubuta a gida na farko ya saɓa da na gida na uku, ba sai na ce musu yaron ya sauya ba.

Sai tambayar da na fi so, wadda za ta iya cinye miki darasi guda: a daidai ina ya fara sauyawa? Kusan duk ajin za su ce da safe, sanda ya amsa laifinsa. Ki yi shiru ki jira. Wata daga baya za ta ce ai tun da ya kasa cin tuwo. Wani ya ce a'a, tun da ya kasa ɗaga kai ya dubi uwar. Ki bar su su yi musu, sharaɗin kawai shi ne duk wanda ya yi magana ya nuna wurin a labari. Wannan musun shi ne nazarin da kike nema. Kuma a nan za su gane cewa marubuci mai gwaninta ba ya cewa "sai ya yi nadama", kwanon tuwo yake ajiye maka ka gane da kanka.

Ki koya musu kuma su bambance bakin da magana ta fito. Abin da tauraro ya faɗa a kan kansa daban, abin da ya aikata daban, abin da sauran taurari ke faɗa a kansa daban. Idan kishiya ta ce wance makira ce, wannan shaidar kishiya ce, sai an duba aikin wancen kafin a karɓa.

Wani abin lura shi ne girman sauyin. Littafi kamar Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934, yana da filin bin tauraronsa tun yana yaro, ta sata da bauta da ƙetare hamada, har ya zama babban malami. Gajeren labari ba shi da wannan filin, sau da yawa kwana ɗaya ko biyu ne gaba ɗaya. Saboda haka kada yara su nemi ɓarawo ya koma liman. Ya isa a ce mutum ya gane abin da da bai gane ba. Akwai ma tauraron da dama takan zo masa ya ƙi sauyawa, shi ma abin nazari ne, kuma ni ina ba da maki mai kyau ga ɗalibin da ya kawo hujjar hakan.

In kina neman labarai, ki duba na gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 don mata marubuta. Gajeru ne, kuma rayuwar da ke ciki yara sun san ta. Ki dai fara karantawa ke kaɗai, domin wasu jigoginsu sun yi wa ɗalibai nauyi.

Masu kwashe labari kuwa, ki ƙayyade musu layi biyar kacal: yadda tauraro yake a farko da hujja, abin da ya girgiza shi, yadda ya koma da hujja. Wannan tsarin zai yi musu amfani a WAEC da NECO idan aka tambaye su rawar da wani tauraro ya taka. Aikin gida kuma, kowa ya rubuta wasiƙa biyu da bakin yaron shagon zuwa ga uwar ƙaramin, ɗaya a daren da ya yi ƙaryar, ɗaya bayan Sallah. Ki sa a karanta biyun a jere a gaban aji.