Dalilin da manhajarka ke rufe oda ƙarfe 10 maimakon 9

Ka ce ka rubuta manhajar Python da za ta daina karɓar odar abinci da ƙarfe 9 na dare, a kwamfutarka komai daidai, amma da ka ɗora ta kan sabar, wato kwamfutar da ke gudanar da ita a intanet, sai ta kai ƙarfe 10 tana karɓa. Kana zargin agogon sabar ne ya lalace.

Lafiyarsa ƙalau, ƙanena. Idan ka kira datetime.now() ba ka sa masa komai a ciki ba, Python za ta miƙo maka abin da agogon injin da take kai ya nuna, ba ruwanta da ƙasar da kake. Kwamfutarka tana kan lokacin Najeriya, awa ɗaya gaba da UTC (ma'aunin lokaci na duniya), sabar kuwa galibi a kan UTC ake barinta. Lokacin da ta ga tara, kai a Kano goma ta buga.

Faɗa mata garin da kake nufi: datetime.now(ZoneInfo("Africa/Lagos")). "Africa/Lagos" shi ne sunan lokacin Najeriya baki ɗaya. Tun Python 3.9 zoneinfo, wanda ke ɗauke da ZoneInfo, yana ciki. Na san abin da zuciyarka ke raya maka, wai ka ƙara awa ɗaya da hannu ka huta. Kul! Yau zai yi maka aiki tunda Najeriya da Nijar ba sa taɓa agogonsu, amma ranar da mai shagon ya buɗe reshe a Landan ka shiga uku, domin Ingila tana matsar da agogo gaba a Lahadin ƙarshe ta Maris, ta dawo da shi a ta ƙarshen Oktoba. Kai, ko Sudan ma ta koma daga UTC+3 zuwa UTC+2 a 2017. Akwai masu bibiyar waɗannan canje-canje a kundin yankunan lokaci, ka bar musu aikinsu.

Wajen kwatantawa kuma na ga ka mayar da lokacin rubutu kafin ka gwada. A rubutu "9:00" ya fi "10:00" girma, saboda harafin farko ake fara dubawa. Gwada lokaci da lokaci: yanzu.time() da time(21, 0), inda yanzu shi ne abin da datetime.now ya ba ka. Sannan idan shago yana rufe daga 9 na dare zuwa 6 na safe, sharaɗin "ya wuce 21 kuma bai kai 6 ba" ba zai taɓa cika ba. "Ko" za ka sa a wurin "kuma". Wannan tsakar daren ta kayar da manya.

Abin da za ka ajiye a rumbun bayanai, ajiye shi da UTC, sai za ka nuna wa mutum ka juya shi zuwa na garinsa. In kuma tsawon aiki kake aunawa, time.monotonic() ne naka, don shi ba ya komawa baya ko da an gyara agogon injin.

Je ka gyara, ka gwada da 20:59, da 21:00, da 00:30, ka kawo min in gani.