Ku Tambaya Kafin Ku Biya: Na'urar Auna Matsi a Tiyo

Malam, wace marka ce ta fi kyau a na'urorin auna matsi? Suna ɗaya kawai nake so. Wani ɗan kasuwa, Yamai

Ba zan faɗa ba. Me ke bi cikin tiyon naka, ruwan foraj ne, tururi ne, gazuwal ne ko ruwan jabel? Matsinsa bar nawa (bar shi ne ma'aunin matsi)? Zafinsa fa? WIKA da Danfoss da Endress+Hauser duk suna yin kayan kirki, kuma kowannensu yana da wadda ba za ta yi wata guda ba idan aka ɗaura ta inda ba wurinta ba. Sake rubuto mini da waɗannan bayanai.

Ina da foraj mai famfon sola a gonar albasa wajen Galmi. Na'urar da ke tsai da famfo idan shato ya cika ta lalace. Wani a Yamai ya ce jikka 150. A kasuwa kuma na ga irinta, suna ɗaya, kwali ɗaya, jikka 20. Me zai hana in sayi biyu in aje ɗaya? Wani Alhaji, jihar Tawa

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, amma mai da kuɗin aljihu tukuna. Da a ce jabun nan mutuwa take yi, da na ce saya. Matsalarta ba ta mutuwa da wuri, ƙarya take yi. Shato ya cika yana ambaliya, ita tana cewa da saura. Ko kuma yana rabi ta kashe famfo da tsakar rana, lokacin da sola ke da ƙarfi, kai kana gari kana zaton albasa ta sha.

Ga abin da kake biya a ta gaskiya. A bakinta akwai wani siririn faifan ƙarfe, yawanci inoks 316L, wanda ruwa ke dannawa. Motsinsa ido ba ya gani, amma shi ake juyawa ya zama kuran tsakanin 4 da 20 mA (mA shi ne ma'aunin ƙaramin kuran). Zafi yana canza wannan motsin, shi ya sa kamfanin kirki ke gwada na'ura a sanyi da zafi, ya daidaita ta kafin ta bar masana'anta. Mai jabu ya kwaikwayi kwali, ya kwaikwayi rubutu, wannan aikin kuwa ya tsallake shi, don nan ne kuɗin yake. Da asubar Janairu sai ka ga ta yi daidai. Bari Afrilu ya zo, inuwa kanta ta kai digiri 45, ƙarfe a rana ba ya taɓuwa, sannan za ka san halinta.

Abin da ke ba ni haushi, mutum zai kashe miliyoyi wajen haƙa foraj da sayen farantan sola, sai a kan abin da ke tsaron su duka ya tuna da tsimi. Araha ba ta ado. Kuma kada a ce ina ƙyamar kayan Sin. Na'urar Sin mai ɗauke da sunan wanda ya ƙera ta da takardarta ta fi mini wadda ta ari sunan Jamus, don ta farko akwai wanda zai amsa idan ta yi ƙarya.

Idan ka koma kasuwar, ce ma mai shago ya fito da kwali uku. Lambar siriyal da ke jikin kowace na'ura tata ce ita kaɗai, in ka ga lamba ɗaya a ukun, yi masa sallama. Nemi takardar gwaji, ka duba ko lambarta ta zo ɗaya da ta jikin ƙarfen. Sannan tafi da mai gyaranka da mitarsa da batir. Babu matsi, 4 mA za ta nuna. Tsayin ruwa mita 10 kusan bar 1 ne, saboda haka mai auna 0 zuwa 4 bar, idan saman ruwan shato ya fi ta tsawo da mita 10, kusan 8 mA ya kamata ta ba ka. A gwada da safe, a sake da ƙarfe 2 na rana.

Wani abu kuma: kada a ruɗe ka da "babba ta fi ƙarfi". Ana lissafin kuskuren na'ura ne a kan iyakarta. Mai bar 16 da kuskuren kashi 0.5 cikin 100 tana iya kauce wa gaskiya da santimita 80 na ruwa, alhali lafiyarta lau. Shaton naka duka zurfinsa nawa ne?

Wata shida ke nan da ɗaukata aiki a wata masana'anta. Na'urar da ke kan tiyon tururi ta ƙone sau biyu a hannuna. Maigida ya fara yi mini wani kallo. Wallahi ba na barci. Wani matashi, Yamai

Ɗana, kwantar da hankalinka, ga dukkan alamu ba hannunka ba ne. Tururi a bar 8 ya haura digiri 170, kayan lantarkin da ke kan na'urar kuwa galibi iyakarsu 85. Je ka duba ko akwai ɗan tiyon nan mai naɗi ɗaya tsakanin babban tiyo da na'urar. Aikinsa ya riƙe ruwa a cikin naɗin, ya hana tururi kaiwa ga faifan. Idan babu shi, ka gano ɓarawon. Idan akwai, a cika shi da ruwa kafin a buɗe tururi, nan ma ana yawan mantawa. Wuri mai girgiza kuma, a janye na'urar zuwa bango, agogon auna matsi mai allura kuwa a sayi mai gilisarin a ciki. Mashigar waya ta kalli ƙasa, kuma inda ake wanke-wanke da tiyo a nemi mai alamar IP67, wato wadda aka kare daga shigar ƙura da ruwa. Rubuta wannan a takarda ka kai ma maigida da kanka, tun kafin ta uku ta ƙone. Allah ya yi maka albarka.

An ce da matsi kaɗai ana sanin yawan ruwan da ke wucewa. Za mu iya yin haka a famfon da ke jan ruwan kogi? Wata ɗaliba, Yamai

Ɗiyata, gaskiya ne. Ana sa faranti mai huda a tsakar tiyo, a auna bambancin matsi gabansa da bayansa. Sai dai lissafin ba ɗaya-da-ɗaya ba ne: sai bambancin ya ninka sau 4 ruwan ke ninkawa sau 2. Shi ya sa idan ruwa ya yi ƙasa da sulusin abin da aka tsara, kada ki ba lambar gaskiya sosai. Yana kuma son miƙaƙƙen tiyo, aƙalla faɗin tiyon sau 10 kafin ruwa ya kai farantin, sau 5 bayan ya wuce shi, ƙa'idar duniya ta ISO 5167 ma sau da yawa tana neman fiye da haka.

Amma ruwan kogi? Kin san yadda yake ja wur a Agusta. Laka za ta toshe ƙananan tiyon auna matsin, yashi ya cinye kaifin hudar, lissafi ya zame ba wanda ya sani. Nan mita mai aiki da maganaɗisu ta fi, cikinta fayau yake, babu abin da laka za ta kama.

Na ji ana yabon mita mai maganaɗisu. In sa ta a tankin gazuwal? Ba suna

A'a. Sai ruwan da kuran ke bi cikinsa take aunawa, gazuwal kuwa ba ya ɗaukar kuran. Kuma duk abin lantarkin da za ka kai kusa da mai, nemi tambarin Ex a jikinsa, alamar an ƙera shi don wurin da ake tsoron fashewa, tun kafin ka tambayi farashi.