Hukuncin Sakin Ruwan Masai Cikin Kogin Da Wasu Ke Sha

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Garinmu ƙarami ne, a bakin kogi yake. An haƙa mana tafkunan tace ruwan masai da na kwata, daga nan a sake shi cikin kogin, alhali akwai ƙauyuka a gangare da ke sha daga gare shi. Wasu na cewa ruwa mai gudu ba ya ɗaukar najasa, ko ba a tace ba babu laifi. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Masu wannan magana sun cakuɗa mas'aloli biyu ne.

Ta farko ita ce tsarki. A mazhabar Malikiyya ruwa ba ya najasta sai najasa ta jirkita launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa. Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ma, a shekarar 1398 ta Hijira (1978), ta yanke cewa ruwan ƙazanta da aka tace har ya koma asalinsa mai tsarki ne, ana alwala da shi. Amma ta ɗaure halaccin shansa da sharaɗin rashin cutarwa.

Wannan sharaɗi shi ne mas'ala ta biyu, kuma a nan tambayarka take. Ƙwayoyin kwalara da taifot da ƙwan tsutsar ciki ba su da launi, ba su da wari. Uwa za ta ɗebo ruwa garau a kofi, ya halatta ta yi alwala da shi, ta ba ɗanta ya kwana yana amai da gudawa. Manzon Allah (SAW) ya ce babu cuta babu cutarwa, kamar yadda Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa. A hadisin Mu'azu ɗan Jabal da Abu Dawuda ya ruwaito kuma, bahaya a mashayar ruwa na cikin abubuwa uku masu jawo tsinuwa. Idan haka ne ga mutum guda, ina ga gari ɗungurungum da ya juya bututunsa can?

Saboda haka sakin ɗanyen ruwan masai a kogin da ake sha haramun ne. Wanda aka tace ya halatta, muddin tacewar ta gaske ce. Tafki na farko mai zurfi ne, dauɗa ke kwantawa a ƙasansa. A na biyu ƙananan halittun da ido ba ya gani da gansakuka su cinye saura. Na ƙarshe ba shi da zurfi, don hasken rana ya kashe ƙwayoyin cuta. Aikin na son makonni. In laka ta cika tafkin ba a yashe ba, ko gari ya girma ya fi ƙarfinsa, ruwan wucewa kawai yake yi, sunan tacewa ya rage. Da rani abin ya fi muni, domin kogin ya janye, babu abin da zai surka shi.

Tabbatar da lafiyar ruwan aikin masana gwaji ne, idon liman ko na mai gari ba ya wadatarwa. Wajibi ne kan shugabanninku su riƙa gwadawa. Ranar da tafki ya lalace ko ambaliya ta tumbatsa shi, su aika wa mutanen gangare nan take su riƙa tafasa ruwa. Wanda ya sani ya ɓoye ya yi zunubi, kuma alƙali na iya ɗora masa biyan ɓarnar da sakacinsa ya jawo.

Wallahu a'alam.