Hirarrakin masoya kayan Koriya sun cika mini waya, me zan saro?

Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shagon kayan shafe-shafe a Kano, ina kuma tallata kayana ta WhatsApp da Instagram. Shekara guda ke nan 'yan mata na damuna da tambayar kayan Koriya: man fuska, man kariya daga rana, da taliyar nan mai yaji da suke gani a finafinai. Ƙanwata da ke jami'a ta ce kafin in zuba kuɗi in yi hira da kwastomomi. Na yi da mutum 24, na naɗa a waya. Yanzu sautin ya haura awa goma, kowacce na cewa tana son Koriya, ni kuma na rasa ta inda zan kama. Naira miliyan biyu ce a hannuna, adashi na kwasa. Me zan saro?
'Yar kasuwa daga Kano

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya yi wa ƙanwarki albarka, ta ba ki shawarar da 'yan kasuwa da yawa sai sun tafka asara suke tunawa da ita. Amma ki riƙe kuɗin nan tukuna, ki ba ni mako biyu. Amsar da kike nema tana cikin wayarki, sai dai a ƙulle take kamar dilar gwanjo da aka sauke a Ƙofar Wambai. Mai dila ba ya yanka farashi kafin ya kwance ta, ya ware riguna gefe, wanduna gefe, na ɗaya daban, na biyu daban. Haka za ki yi da maganganun mutanen nan. Masu bincike a jami'a suna kiran wannan aiki kodin, wato manna wa kowace magana lakabi domin a iya tara masu kama da juna wuri guda. Sun daɗe suna yi, a 1967 ma masana Barney Glaser da Anselm Strauss suka shimfiɗa wata hanyarsa a Amurka, kuma akwai manhajoji irin su NVivo da ATLAS.ti da aka ƙera dominsa. Ke dai ba ki buƙatar ko ɗaya. Littafin rubutu mai kauri da biro kala uku sun ishe ki, ko shafin Excel idan hannunki ya saba.

Abu na farko shi ne rubuta hirarrakin. Nan ne gajiyar take, domin hirar rabin awa kan ci awa biyu ko fiye wajen rubutawa. Ki raba aikin da ƙanwarki. Ku rubuta yadda mutum ta faɗa, da Hausarta da Turancin da ta cuɗa, kada ku gyara mata. Idan ta yi dariya ko ta yi shiru kafin ta amsa tambayar farashi, ku sa alama. Ku cire sunaye, ku sa lamba: K1, K2, har K24. Amana suka ba ki, kuma dokar kare bayanan jama'a da Najeriya ta kafa a 2023 ta shafi ɗan kasuwa ma. Wadda ba ki gaya wa kina naɗa ba, ki koma ki nemi izininta.

Daga nan sai ki ɗauki hira biyar, ki karanta a natse, duk inda magana ta cika ki ja layi, ki rubuta lakabi gajere a gefe. A wannan zagaye ki ari kalmominsu. Misali wata ta ce, "Ni fa fatar 'yan fim ɗin nan ce ke burge ni, sumul kamar gilashi, amma wallahi tsoro nake in shafa abin da ban iya karanta rubutun jikinsa ba." Magana ɗaya ce, lakabi biyu ne a cikinta: "fata kamar gilashi" da "ban iya karanta rubutun ba". Wata ta ce, "Ƙawata ce ta tsiyaya mini kaɗan a roba, da na ga ya karɓe ni sai na aika Abuja aka sayo mini." Wannan ta ba ki "ƙawa ta ɗanɗana mini" da "na aika aka sayo". Za ki ga lakabin sun kai hamsin ko sittin, kada ki damu. A zagaye na biyu ne za ki haɗe su gida-gida. "Ban iya karanta rubutun ba" da "na ji ana yin jabu" da "me aka sa a ciki" duk 'yan gida ɗaya ne, sunan gidan rashin yarda.

Yanzu ga inda nake so ki tsaya da kyau, don nan ne kuɗinki zai tsira ko ya nutse. Ki ware biro ɗaya, ja, wanda ba za ki yi amfani da shi ba sai inda mutum ta ba da labarin abin da ta aikata: ta saya, ta aika, ta karɓi aro, ta tambayi farashi ta fasa, ta saya sau ɗaya ba ta ƙara ba. Duk sauran magana irin "ina son su", "suna burge ni", "da zan samu da na saya", ki yi masa shuɗi. Son Koriya gaskiya ne a garuruwanmu, kuma ba jiya ya fara ba. Tun zamanin faifan fim ɗin Jumong, wanda tashar MBC ta Koriya ta fara nunawa a 2006, gidaje da yawa suka san sarakunan Koriya, Cibiyar Al'adun Koriya ta buɗe a Abuja a 2010, ga masu tura finafinai a waya sun kai su kowane lungu. Amma kallo kusan kyauta ne, ɗari biyu ko ɗan data ya wadatar. Kwalbar mai kuwa sai an ciro dubbai daga jaka. Yarinyar da ta haddace sunayen mawaƙa bakwai na ƙungiyar BTS ta Koriya tana iya zama ba ta taɓa sayen ko sabulun Koriya ba, matar aure da ba ta kallon fim ko kaɗan tana iya zama ita ce ke ƙarar da kwalba duk wata biyu saboda likitan fata ya ce ta riƙa shafa man kariya daga rana. Idan kika gama, ki dubi shafukan daga nesa. Inda ja ya yi yawa nan kasuwa take.

Kuma ki yi hattara da ƙirga kalma ba tare da duba abin da ke kewaye da ita ba. Ni kaina na taɓa faɗawa wannan rami. Wani mai shagon turare ya kawo mini irin waɗannan hirarraki, na ga kalmar "tsada" ta fi kowacce fitowa, na ce masa ya rage farashi. Ya rage, ciniki bai motsa ba, ribarsa ta wata uku ta tafi. Da na koma na karanta a hankali, sai na ga yawancinsu cewa suke "da tsada a ce kuma ba na asali ba ne". Tsoron jabu ke damunsu, ni kuma na manna musu lakabin farashi, rage kuɗin ma ƙara musu zargi ya yi. Har yau abin na yi mini ciwo. Saboda haka idan kin ga "tsada", ki tambayi kanki: tsadar rashin kuɗi ce, ko ta rashin yarda, ko ta girman kwalba? Kowacce maganinta daban. Ta farko ƙananan mazubi take so, ta biyu shaidar inda kika saro.

Akwai gidaje biyu da nake kyautata zaton za su fito miki, kuma kada ki bari su ɓace cikin wasu. Na farko halal da ƙyama. Ɗaya daga cikin mayukan Koriya da suka fi suna, na kamfanin COSRX, da yauƙin dodon koɗi ake yin sa. Wata za ta ji haka ta ƙara so, wata ta yamutsa fuska ta ajiye. Sinadarin kolajin da ke cikin wasu mayuka kan fito daga kifi, ko saniya, ko alade. Taliyar Buldak ta kamfanin Samyang, wadda ta fito a 2012, akwai wadda ke ɗauke da tambarin halal, amma wadda aka yi don kasuwar cikin Koriya da wadda aka yi don fitarwa ba lallai su zama ɗaya ba, sai kin duba jikin kowace leda. Na biyu shi ne haske. Idan mace ta ce tana son "haske", ki duba ko ƙyallin fata da gushewar tabo take nufi, ko kuwa bilicin. Mai neman bilicin kayan Koriya na ƙwarai ba za su ba ta abin da take so ba, za ta dawo ta ce kin cuce ta. Ki ba su lakabi biyu mabambanta, kuma ina roƙonki kada ki bi ta biyun da mayukan da NAFDAC ta hana, komai ribarsu.

Da kin tsayar da gidajen, ki rubuta su a shafi guda, kowanne da ma'anarsa cikin layi ɗaya da misali ɗaya. Ki ba ƙanwarki wannan shafi da hira uku da ba ta ga lakabinki a kansu ba, ta yi nata. Inda kuka saɓa, ku zauna ku daidaita, galibi za ki tarar ma'anar ce ba ta fito ba. Sai ki bi sauran hirarrakin da shi. Idan kin kai ta goma sha biyar ko ashirin ba sabon lakabi da ke ɓullowa, hirar ta isa. Sai dai ki tuna mutum 24 ɗin nan kwastomominki ne, masu jin nauyinki, wasu sun faɗi abin da zai faranta miki. Ki nemo biyar da suka taɓa tambayar farashi suka ɓace, ki ji ta bakinsu. Kuma kada ki ce "kashi kaza na matan Kano", adadin bai kai a yi wannan lissafi da shi ba. Dalilai yake nuna miki.

Batun kuɗin kuwa, ga yadda zan yi da ni ne. Ba zan fitar da fiye da kashi ɗaya cikin uku a saron farko ba, kuma kaya uku ko huɗu kawai zan ɗauka, waɗanda jan biro ya fi taruwa a kansu. Mai tsada a ciki, sai wadda ta ba da kafin alƙalami zan kawo wa. Taliya kaɗan zan taɓa, don tana cin wuri, kuɗin dakonta na cinye riba, wa'adinta kuma bai kai na mai ba. Ki saro wurin dilan da zai nuna miki takardar shigo da kaya da rajistar NAFDAC, ki kuma koyi karanta kwanan watan Koriya: shekara ake fara rubutawa, sai wata, sai rana, kalmar 까지 a gefe tana nufin ranar ƙarewa, 제조 kuma ranar da aka yi kayan. Idan rashin yarda ya fito da ƙarfi kamar yadda nake zato, ki ware dubu kaɗan ki buga 'yar takarda da Hausa mai bayanin abin da ke cikin kowace kwalba da yadda ake shafawa, ki ajiye buɗaɗɗiya ɗaya a kan kantar shago don gwaji. Sauran kuɗin su zauna a banki har kaya su juya sau ɗaya, don canjin dala na iya motsawa kafin ki koma saro.

Bayan mako shida ki ɗauko littafin ciniki ki ajiye kusa da littafin lakabi, ki ga waɗanne lambobi cikin K1 zuwa K24 suka dawo da kuɗi a hannu. Ki turo mini shafin gidajen naki da wannan lissafi, sai mu zauna kan saro na biyu. Allah ya sa albarka a nema, ki gaida ƙanwar taki.